Bayan An Kwashe Dutse, Ramin Na Wane Ne?

Duk wanda ya tashi a tsohon birni irin Kano ko Zariya ko Katsina ya san kududdufi. Ba ruwan sama ne ya haƙa shi ba, mutane ne. Daga nan aka ɗebi ƙasar da aka yi tubalin gidajen unguwa, da ta yaɓen da ake yi kafin kowace damina. Gidaje suka yi sama, rami ya yi ƙasa, ta yadda duk soron da ka gani a tsaye akwai gurbinsa a wani lungu na unguwar. Da damina ramin ya cika, ya tare ruwan da zai shiga ɗakunan mutane, yara su kama tarwaɗa, sauro ya yi gida, wata shekarar kuma a wayi gari a ce ɗan gidan wane ya faɗa. Ba wanda ke cewa kududdufi nasa ne, alhali kuwa ba gidan da babu ƙasarsa a jikin bango.

Na fara da kududdufi ne domin tambayar da nake so mu tattauna a wannan fitowa, ya 'yan'uwana ɗalibai, ta fi sauƙin ganewa idan aka tsaya a bakinsa. Karatun digiri na biyu da nake yi a nan Ingila ya shafi haƙar ma'adinai da muhalli, kuma kashi mai tsoka daga cikinsa yana kan abin da ake yi wa wurin fasa dutse bayan an gama cin moriyarsa. A aji ana koyar da abin ne a matsayin aikin injiniya: yaya za a kwantar da gangaren, ina ruwa zai bi, wace ciyawa ce za ta kama. Amma a ƙarƙashin wannan lissafi akwai tambayoyin da ba na injiniya ba ne. Shin wanda ya haƙa ƙasa ya kwashe abin da ke cikinta ana bin sa bashin gyara, ko kuwa in ya gyara alheri ya yi? In bashi ne, wa ke bin sa? Sannan ma, abin da aka fasa yana gyaruwa kuwa?

Bambancin kududdufi da ramin kamfani bai tsaya ga girma ba. A unguwa, wanda ya ɗebi ƙasar shi ke kwana kusa da ramin. In da amfani shi zai mora, in da sauro shi zai ciza. A haƙar zamani kuwa an raba su. Dutsen ya hau tifa ya tafi birni ya zama gada ko bene, ribar ta tafi aljihun masu hannun jari waɗanda galibinsu ba su taɓa taka wurin ba, ramin kuma ya zauna da mutanen ƙauye. Bayan wannan akwai rabuwa ta biyu, wato ta lokaci. Kuɗi na shigowa ne a shekarun da ake haƙa, shekara 30 ko 50, aikin gyara kuwa sai a ƙarshe yake zuwa, ranar da dutse ya ƙare, injuna suka tsufa, babu sauran abin sayarwa. Ke nan ana neman kamfani ya kashe maƙudan kuɗi daidai lokacin da ya daina samu, a kan filin da ba zai ƙara ba shi ko kwabo ba. Ba sai mutum ya zama mugu ba kafin ya zame daga irin wannan alkawari. Tsarin da kansa ne yake koya masa cin moriyar ganga ya ya da kwaurenta.

Ni a wurina batun ko bashi ne bai buƙatar dogon musu. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Malaman fiƙihu ma sun daɗe da tattauna mas'alar wanda ya haƙa rijiya a kan hanyar jama'a ba bisa ƙa'ida ba, mutum ko dabba ta faɗa ciki, suka kuma ɗora masa lamuni ko da ba shi ya tura ba. Abin lura a nan shi ne alhaki bai ƙarewa da ajiye diga. Yana nan muddin ramin na nan. Inda maganar ta yi wuya shi ne tambaya ta ƙarshe, ta ko ɓarnar na gyaruwa, domin amsar da aka ba ta ita ke nuna abin da ya halatta a yi tun kafin a sa diga a ƙasa.

A shekarar 1982 wani masanin falsafa ɗan Ostireliya mai suna Robert Elliot ya buga wata maƙala da za a iya fassara sunanta da “Jabun Halitta”. Abin da ya tunzura shi shi ne rigimar haƙar yashi mai ma'adinai a gaɓar tekun ƙasarsa, musamman a tsibirin Fraser, inda hujjar masu haƙa ita ce: ku bar mu mu kwashe, in mun gama za mu mayar da tuddan yashin da tsirransu yadda muka same su. Elliot bai tsaya musu a kan ko za su iya ba. Cewa ya yi mu ɗauka sun iya, har ta kai ko gwani ba zai bambance ba. Duk da haka an yi asara, domin darajar abu ba ta tsaya ga kamanninsa ba, har da asalinsa da tarihin yadda ya samu. Shi ya yi misali da zanen gwani da na mai kwaikwayo. Mu kuma sai mu ce, a ce kakanka ya bar maka takobi, abokinka ya ara ya ɓatar, ya je wurin maƙeri aka ƙera masa wani iri ɗaya sak, har da ɗan tsagin da ke bakin kube, ya miƙo maka bai ce uffan ba. Ranar da ka ji labari za ka san an cuce ka, ko da sabon ya fi tsohon kaifi. Haka dajin da ya yi dubban shekaru yana haɗa kansa, da dajin da aka dasa bisa zanen ofis, a wurin Elliot ba ɗaya ba ne. Shekara 10 bayan haka wani Ba'amurke, Eric Katz, ya ƙara tsanantawa, ya ce gyararren daji ƙirar ɗan Adam ce kamar sauran abubuwan da yake ƙerawa, kuma kiran sa halitta babbar ƙarya ce.

Kimiyya ba ta ƙaryata su gaba ɗaya ba. Ƙasar saman da manomi ke shuka a cikinta ba turɓaya ce kawai ba. Cike take da saiwoyi, da tsutsotsi, da ƙwayoyin halittar da ido ba ya gani, da irin tsirran da ke kwance suna jiran ruwa, kuma ana ɗaukar ɗaruruwan shekaru kafin kaurin yatsa ɗaya ya taru. Ko da kamfani ya yi abin kirki ya kwashe ta ya ajiye gefe, in tulin ya yi tsawo kuma ya daɗe, ta cikin ba ta samun iska, rayuwar da ke cikinta sai ta yi ta mutuwa. Katafilar da za ta baza ta daga baya kuma tana danne ta har saiwa ta kasa ratsawa. Ruwan ƙarƙashin ƙasa da ya sauya hanya ba ya komawa don an roƙe shi. Saboda haka duk wanda ya ce maka zai mayar da wuri yadda yake, ko dai bai san aikin ba, ko kuwa ya san kai ba ka sani ba.

Sai dai in muka bi Katz har ƙarshen hanya, inda za mu ɓulla ba zai yi wa kowa daɗi ba sai mai kamfani. In duk gyara ƙarya ce, to me ya sa zai ɓata kuɗinsa? Ya kafa shinge ya rataya allon “hattara” ya kama gabansa.

Wanda ya ba ni amsar da ta fi gamsar da ni ba masanin falsafa ba ne, malamin gona ne. A Bamburi, arewa da birnin Mombasa na ƙasar Kenya, akwai kamfanin siminti da ya fara aiki a 1954, yana fasa tsohon dutsen murjanin teku da ke shimfiɗe a gaɓar. Abin da yake bari a baya shi ne farin fili fayau kamar faranti, babu ƙasa ko ta cika tafi, rana na dukan dutse, ruwan da ke ƙarƙashi kuma da gishiri-gishiri. A 1959 kamfanin ya ɗauki wani ɗan Suwizalan, René Haller, domin ya noma wa ma'aikata abinci, a 1971 kuma ya juya ga wannan kufai. Ya dasa tsirrai iri 26. Bayan wata shida uku ne kawai suka rage: kwakwa, da wata bishiya da ake kira damas, da kashuwarina, wadda ganyenta sirara ne kamar allura. Ita kashuwarina tana jure gishiri da fari, kuma a saiwarta akwai ƙwayoyin halitta da ke kama sinadarin naitirojin daga iska, wato tana yi wa kanta taki kamar yadda wake da gyaɗa ke yi.

Nan kuma wata matsala ta taso. Ganyen na zuba amma ba ya ruɓa da wuri, saboda yawan sinadarin nan mai bauri da ke cikinsa, irin wanda majema ke nema a bagaruwa. In ganye bai ruɓa ba ƙasa ba ta samuwa, in ƙasa ba ta samu ba kuwa wurin zai tsaya a kan bishiya iri ɗaya har abada. Haller ya lura da wata ƙadandoniya mai jajayen ƙafafu tana cin busasshen ganyen nan. Sai ya sa aka tattaro su daga dajin gaɓar teku aka sake a cikin ramin. Suka ci, suka yi kashi, kashin ya zama baƙar ƙasa a kan farin dutse. Da ƙasa ta ɗan taru sai aka fara sassare kashuwarinar ana dasa itatuwan asali na yankin a inuwarta, tsuntsaye da birai da jemagu kuma suka riƙa kawo iri daga nesa ba tare da an aike su ba. Ya haƙa tafkuna ya sa karfasa, ya yi kiwon kada, domin tun farko ya ƙudura cewa wurin sai ya riƙa ciyar da kansa, in ba haka ba ranar da kamfani ya gaji aikin ya mutu. A 1987 hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta karrama shi, a 1999 kuma aka sa wa wurin suna Haller Park. Wasunku za su tuna labarin ɗan dorinar nan da aka ceto a gaɓar Kenya a ƙarshen 2004, wanda ya liƙe wa wani tsohon kunkuru kamar uwarsa. A cikin wannan tsohon ramin siminti abin ya faru.

To, jabu ne wannan? Ni ina ganin a'a, kuma dalilina biyu ne. Na farko, jabu sai da yaudara. Mu koma ga takobin kaka: da abokin naka ya zo ya ce, “Wallahi na ɓatar da takobinka, na san ba shi da madadi, amma ga abin da na iya,” da sunan abin ya tashi daga cuta ya koma ramuwa. Takobin dai bai dawo ba, amma mutumin ya ɗauki laifinsa a ka. Dajin Bamburi bai taɓa zama kwafin abin da ke wurin kafin 1954 ba, kuma duk mai shiga ana gaya masa cewa rami ne a da. Na biyu, abin da mutum ya ƙera ba ya haihuwa. Kujera ba ta yin iri. Haller ya buɗe ƙofa ne kawai. Ƙadandoniya da jemage da biri ba zanen ofis suke bi ba, kuma bayan shekara 50 mafi yawan abin da ke gudana a dajin nan ba wanda ya tsara shi.

Abin da na fahimta daga haɗa mutanen biyu shi ne, kalmar “za mu gyara” tana da fuska biyu, gwargwadon lokacin da aka furta ta. In an faɗe ta a bakin ramin da aka riga aka haƙa, biyan bashi ce, kuma wajibi ce ko da biyan ba zai cika ba. In kuwa an faɗe ta a gaban dutsen da ke tsaye lafiya lau, domin a samu sa hannun hukuma da shirun mutanen gari, to a nan ne ya kamata a saurari Elliot da kunne biyu. Don akwai gwanin maɗori a gari ba ya halatta a karya ƙafar mutum. Akwai ma wuraren da babu maɗorin da zai iya. A Maleshiya akwai ƙananan dodon-koɗin da kowane irinsu a kan tsauni ɗaya tak yake rayuwa a duk duniya. An fasa ɗaya daga cikin tsaunukan, Bukit Panching, irin da ke kansa ya tafi ke nan. A watan Mayu na 2020 kamfanin Rio Tinto ya tarwatsa kogunan dutse na Juukan a yammacin Ostireliya, inda aka samu shaidar zaman mutane ta shekara 46,000, kuma da izinin doka ya yi. Shugaban kamfanin ya rasa kujerarsa, an ba da haƙuri, amma kogo bai tashi ba. A irin waɗannan wurare tambayar yadda za a gyara ba ta ma taso ba.

Mu da ke karatu a Ingila, da an ta da zancen gyaran rami sai a nuna mana Eden Project da ke Konwal. Rami ne na farin yumɓun da ake yin tangaran da takarda da shi, kusa da garin St Austell, wanda aka yi kimanin shekara 160 ana haƙa, zurfinsa ya kai mita 60. Tim Smit da abokan aikinsa suka kafa manyan rumfuna masu kama da kumfar sabulu a ciki, suka haɗa ƙasar shuka tan 83,000 daga tarkacen ma'adinai da ruɓaɓɓen ganye, aka buɗe a watan Maris na 2001. Na je, kuma ba ƙaramin abin sha'awa ba ne ka tarar da ayaba da rake suna girma a ƙasar da sanyi ke hana mutum fita. Amma yana da kyau mai ziyara ya tambayi wa ya biya. Mafi yawan kuɗin daga asusun cacar ƙasa da Tarayyar Turai da rance suka fito, wato daga jama'a. Kuma da ka ɗan zagaya yankin za ka ga fararen tuddan tarkace, domin kowace tan ɗaya ta yumɓu tana barin kusan tan tara na abin zubarwa. Ba kowane rami ne zai samu masu sayen tikiti ba.

Wannan tambaya ta wa zai biya ita ce inda ɗabi'a ke fitowa fili, kuma Turawa sun koye ta da tsada. A ranar 21 ga Oktoba, 1966, tulin tarkacen kwal da aka jibge a kan tudu ya zame ya rufta kan makarantar firamare a ƙauyen Aberfan da ke Wels, ya kashe mutum 144, daga ciki 116 yara ne. Kwamitin bincike ya ɗora laifin a kan hukumar kwal ta ƙasa. Da mutanen ƙauyen suka dage a kwashe sauran tulin da ke saman gidajensu, sai aka cire fam 150,000 daga gudummawar da jama'a suka tara musu aka zuba a kuɗin aikin. Sai a 1997 gwamnati ta mayar da wannan kuɗi. Wato iyayen da suka binne 'ya'yansu su aka sa suka taya biyan share ɓarnar da ta kashe su. Na kan tuna da wannan duk lokacin da na ji wani daga cikinmu yana magana kamar a nan Turai adalci da kansa yake tsirowa.

Dokoki sun biyo baya. A 1977 Amurka ta yi dokar da ta tilasta wa mai haƙar kwal a sarari ya ajiye kuɗin lamuni kafin ya fara, ta kuma sa haraji a kan kowace tan domin gyara tsofaffin ramukan da masu su suka ɓace. A 1981 Birtaniya ta ba hukumomin tsare-tsare ikon tilasta wa mai haƙa ya ci gaba da kula da filin har shekara biyar bayan ya gyara. Hikimar a fili take: ba a fafe gora ranar tafiya, kuɗin gyara tun ana samu ake ware shi. Amma ko wannan ba ya aiki sai da mai sa ido. A 2013 manyan kamfanonin haƙar kwal biyu suka durƙushe a Sikotlan, aka duba aka ga gyaran ramukan da suka bari a yankin East Ayrshire kaɗai zai ci kusan fam miliyan 160, alhali lamunin da aka tanada bai kai miliyan 30 ba. Doka na nan, takardu na nan, sai dai an bar rami yana girma lamuni yana tsaye wuri ɗaya.

Na san abin da wasu 'yan'uwa za su ce, domin mun sha yin wannan musu a ɗakin cin abinci. Za su ce waɗannan ƙasashe sai da suka ɓata suka yi arziki sannan suka fara gyara. Mu da ke neman hanya da asibiti da siminti mai araha, me ya sa za a ɗora mana kayan da su ba su ɗauka ba a lokacinsu? Maganar tana da ƙanshin gaskiya, kuma ban yarda da Baturen da zai hana talaka gini da sunan kare ciyawa ba. Amma a lura, kuɗin gyaran da aka ƙi sawa a farashin buhun siminti bai ɓace ba, wani ne zai biya shi: manomin da rijiyarsa ta ƙafe, makiyayin da saniyarsa ta zurma, uwar da ɗanta ya je wanka bai dawo ba. Arahar da muka samu daga aljihunsu ta fito, kuma ba a tambaye su ba. Ladan kuturun nan ba kamfani kaɗai ya ci ba, har da duk wanda ya kwana a ɗakin siminti, ni da kai. Bugu da ƙari, jinkirin ma ba araha ba ne. Gyara ya fi sauƙi in ana yi ana haƙa, ana rufe baya ana buɗe gaba, tun katafila na wurin, tun ƙasar saman da aka kwashe tana da rai. In aka jira sai komai ya tashi, sai an sake hayo injuna a kawo su daga nesa domin su yi aiki a kan matacciyar ƙasa.

Ba sai mun yi hasashen yadda “a ɓata yanzu a gyara daga baya” ke ƙarewa ba, domin an gwada shi a kanmu. Konwal ɗin nan da Eden yake ƙasar kuza ce tun fil azal, kuma daga cikin Turawan da suka hau tsaunin Jos neman kuza a farkon ƙarni na 20 akwai 'yan can. Gonakin Birom da maƙwabtansu aka haƙe, leburori kuma, da yawansu Hausawa, su suka yi dakon ƙasa da kwano a ka. Tsakanin 1942 da 1944 ma da ƙarfin hukuma aka riƙa kwaso mutane daga lardunan Arewa domin yaƙi na buƙatar kuza. Sai a 1946 doka ta fara maganar gyara, aka kafa sashen da ya baje wasu tuddai ya dasa bishiyar turare, amma abin da aka gyara bai taka kara ya karya ba in aka gwada da filin da aka ɓata, wanda masu bincike suka ƙiyasta ya haura murabba'in kilomita 300. Da kasuwar kuza ta duniya ta rushe a 1985, abin da ya rage na manyan kamfanonin ya ƙarasa watsewa. Duk wanda ya bi hanyar Bukuru zuwa Barikin Ladi ya ga abin da suka bari: jajayen tuddai, da ɗaruruwan tafkuna masu miƙaƙƙen baki da zurfi, da tarkacen da wani daga cikinsa ke ɗauke da ma'adinai masu fitar da tururin nukiliya, wanda mutane kan ɗiba su yi gini ba su sani ba. Mai bashin ya mutu, bashin yana raye. Dokar ma'adinai ta Nijeriya ta 2007 ta tanadi asusun kare muhalli da gyara, ta kuma wajabta wa mai lasisi ya gabatar da shirin gyara kafin ya fara aiki. Wannan domin gobe ne. Na jiya kuwa ya faɗo kan gwamnatin da ta gaji harajin, da mu da muka gaji ƙasar.

Saura tambayar da na bari a baya, ta wa ke bin bashin, domin shi ne ya kamata ya faɗi da me za a biya shi. A nan injiniya kan yi kuskure cikin kyakkyawar niyya. Yakan ɗauka gyara shi ne a cike rami, a baje, a shuka ciyawa ta yi kore a ɗauki hoto. A Jamhuriyar Cek masana sun gwada wuraren fasa dutse da aka yi wa irin wannan gyara da waɗanda aka ƙyale suka farfaɗo da kansu, suka tarar waɗanda aka ƙyale sun fi tara tsirrai da ƙwarin da ke fuskantar ƙarewa, domin irin waɗannan halittu tsandauri suke so, ba ƙasa mai taki ba. A nan Birtaniya ma shaho kan yi sheƙa a bangon tsohon wurin fasa dutse. Masu kamfani suna son jin wannan labari ƙwarai, don haka a yi hattara: ƙyalewar da aka yi bayan bincike, aka gyara bakin rami, aka ci gaba da sa ido, daban take da gudu. Ramin Mpape da ke Abuja, wanda aka fasa dutsensa aka gina birnin, ya zama wurin shaƙatawa a 2020 bayan hotunansa sun bazu, amma ba wanda zai kira wannan gyara. Sa'a ce aka yi ruwan ya yi kyau a hoto, zurfinsa da miƙaƙƙen bangonsa suna nan yadda aka bar su.

A Jos kuwa mutanen wurin sun riga hukuma yanke shawara. Tafkunan kuzan nan su ne ruwan noman rani a yankin. Da su ake ba tumatir da kabeji da karas da latas ɗin da ake lodawa zuwa kasuwannin kudu da arewa, wani kuma kamar na Rayfield ya zama wurin hutawa. Wanda zai zo yau da katafila ya ce zai cike su duka domin ya mayar da ƙasar yadda take a 1900, zai cuci jikokin waɗanda aka cuta tun farko, ya raba su da abinci a karo na biyu. Ba tsohuwar fuskar ƙasar suke bi ba, wannan ta tafi. Abin da suke bi shi ne ƙasar da za ta riƙe su ba tare da ta ci 'ya'yansu ba, kuma su suka san wane tafki ne ke ciyarwa, wane ne ke kisa. Mai lambu a bakin irin wannan tafki zai gaya maka buƙatarsa ba tare da ya karanta Elliot ba: a kwantar da bakin ramin yadda yaro ko saniya za su iya fitowa in sun zame, a auna ruwan a faɗa masa gaskiyar abin da ke ciki, a binne tarkacen da ke da haɗari a sa masa alama. Sannan a ba shi takardar da za ta tabbatar masa da wurin, domin ya sha gani, muddin fili kufai ne ba mai nemansa, amma da zarar ya gyaru sai wani ya sauko daga mota da takardar mallaka a hannu.